Kurkunu a Ƙafar Ubale

A daminar da En'e ta ɗauke Malam Bature daga makarantar elementare ta Burumburum ta mayar da shi Kano, babu zancen da ake yi a gindin ɗorawar kasuwa sai na wanda zai gaje shi a harkar ƙwallo. Shi ya kawo tamaula garin, shi ya sa aka share ƙaya a filin bayan makaranta, shi ne manaja kuma shi ne mai koyarwa. Da zai hau mota ya miƙa wa mataimakinsa Dikko usur, ya ce ya riƙe kafin gari ya yanke shawara. Gari kuwa nan take ya rabu biyu.

Wasu suka ce Dikko bai yi boko ba, a rugar da ke bakin dajin Falgore ya tashi, in aka yi gardamar doka da mutanen Tudun Wada da wane baki zai kare gari? Gara a jira sabon malami. Wasu suka ce ai tun da aka kafa kulob Dikko ke gudu tare da samari, Malam Bature na tsaye a inuwa da hannu a aljihu. A cikin masu wannan ra'ayi babu wanda ya kai Lado baduku ɗaga murya. Shi ke ɗinke fatar ƙwallon duk lokacin da ta yage, saboda haka yana ganin ƙwallon Burumburum tasa ce, kuma bakinsa ya fi basillarsa tsini.

"Malam Bature mutumin kirki ne, Allah Ya kai shi lafiya," in ji Lado ranar wata kasuwa, jama'a sun kewaye rumfarsa. "Amma lallaɓa samari yake kamar ƙwai. Ƙaya ta soki mutum, zauna. Kurkunu ya leƙo, zauna. Bara ba haka ya zaunar mana da gwanaye Tudun Wada suka yi mana wanka ba? Dikko kuwa ku ɗaga rigarsa ku dubi bayansa. Mutumin da ya tsaya aka zabga masa bulalar shaɗi bai ƙifta ido ba, shi ne zai zaunar da namiji saboda ɗan zare?"

Aka yi shewa, maganar ta zaga gari har yara suna maimaita ta a hanyar rafi. A ƙarshe manya suka ce to a bar gardama: Tudun Wada na zuwa wasa ranar Juma'a mai zuwa, in Dikko ya fitar da gari kunya usur ya zama nasa.

Ana cikin shirin nan bororo ya fito a idon sawun Ubale. Ubale ɗan farin Lado ne, shi ke buga gaba a kulob, kuma shi kaɗai ke riƙe da gonar gidan, don ƙannensa duk mata ne, Lado kuwa zaman dukanci ya cinye masa baya. Bororon ya fashe, farin kan kurkunu ya leƙo. Wanzami ya zo ya naɗe shi a jikin ɗan sillen kara, ya ɗaure da tsumma, ya ce kullum a murɗa kaɗan, kada a ja, kada a bige. Bai ƙara da komai ba, don kowa a garin ya san sauran. In kurkunu ya katse ya koma ciki, ƙafa sai ta kumbura ta yi kamar turmi, a yi sakiya da jan ƙarfe, wani ya tashi, wani kuma gwiwarsa ta sandare har abada. Ga Ɗanasabe nan, tsaran Lado, wanda a da babu mai kama shi a gudu, yanzu jan ƙafa yake da sanda yana gadin awakin mutane.

Safara'u, matar Lado, ta tare shi da safe zai fita rumfa. Ba ta kama sunan ɗan ba, don ba ta taɓa kamawa ba.

"Malam, ka ga ƙafar yaron nan kuwa?"

"Na gani."

"Ya ce zai buga ranar Juma'a. Na yi magana, ya ce wai ubansa ne ya ce namiji ba ya zama saboda zare." Ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. "Kai ka ƙulla abin nan a kasuwa, kai za ka kwance shi. Ni tsoro nake ji."

Shi ma tsoron yake ji, har cikin ƙashinsa. Yinin ranar bai ɗinka abin kirki ba, sau da yawa basilla tana shiga yatsansa. Duk wanda ya wuce ta gaban rumfa yana ɗingishi sai gaban Lado ya faɗi. Da la'asar ya rufe ya nufi fili, ya tarar da Dikko tsugune shi kaɗai yana hura ƙwallo da famfon keke.

Suka gaisa, Dikko ya russuna masa. Lado ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi shanu, ya tambayi ruwan sama, daga ƙarshe dai ya ce, "Yaron nan na gidana, ƙafarsa ba daɗi. Da ka bar shi ya huta."

Dikko ya ajiye famfon. Mutum ne siriri mara yawan magana, kuma sai a lokacin Lado ya lura idanunsa sun faɗa kamar wanda bai samu barci ba.

"Baba Lado, ni ban taɓa cewa kurkunu ɗan zare ba ne. A rugarmu na ga abin da ya yi wa mutane. Ku kuka faɗa da sunana, har ya zama shi ne abin da gari ke so a wurina. Jiya na ce wa Ubale ya zauna, ya ce in na zaunar da shi ba zai sake iya shiga kasuwa ba. In na tilasta, masu cewa ban isa ba za su ce ga shi nan, tsoron Malam Bature ya gada ba iliminsa ba. Su karɓe usur a nan take, su yi ta ihu har ya shiga, ni ban tsira ba shi bai tsira ba."

"To yaya za a yi?"

"Bakin da ya faɗa shi zai janye. Ranar wasa zan tambaye ka a gaban jama'a. Ka ce a'a kawai. In uba ya hana, babu mai cewa yaro ya ji tsoro, babu mai cewa ni na ji."

Lado ya ce wannan ai mai sauƙi ne. A hanyar gida yana tafe yana gwada kalmar a bakinsa, a'a, a'a, kamar yaro mai tilawa. Sai dai akwai abin da bai gaya wa Dikko ba, ko da yake Dikko ya fi shi saninsa. Ubale ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Lado ya ci. Tun ranar da aka haife shi Lado bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, bai taɓa tambayar jikinsa inda wani zai ji ba. Ko ranar da aka yi masa kaciya gona ya tafi ya yini. Haka ya ga ubansa ya yi, haka duk mai kunya yake yi a garin.

Ranar Juma'a ana saukowa daga masallaci fili ya cika. Mutanen Tudun Wada sun iso a kan kekuna da makaɗinsu, ciyawa ta yi kore, an kafa turakun gora an gitta igiya a sama. Lado ya samu wuri a gaba, ya hango Ubale zaune a ƙasa yana ƙara tamke tsumman. A cikin baƙin kuma ya hango mai tsaron bayansu, wani ƙato da ya dawo daga soja, shi kaɗai ke da takalmi a filin, takalmin ma mai ƙusa a ƙasa.

Dikko ya fito tsakiya ya ɗaga hannu, kalangu ya yi shiru.

"Baba Lado," ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Ubale na da kurkunu a ƙafa. Kai ne uba. Ya shiga ko kada ya shiga?"

Duk ido ya dawo kan Lado. Kalmar tana nan a kan harshensa, ya buɗe baki ke nan sai wani mahauci daga baya, abokin wasansa, ya ɗaga murya.

"Kai jama'a, ku matso! Yau za mu ga Lado ya goya ɗan fari!"

Fili ya kece da dariya, har baƙin. Lado ya ji fuskarsa ta ɗauki zafi. Ya ga dattawan da suka yi zamani da ubansa suna kallonsa, ya ga waɗanda ya yi wa ba'a a kasuwa sun washe baki suna jira. Kafin ya ankara ya ji muryarsa tana fita da abin da ya saba faɗa tun yana saurayi.

"Ni me ya haɗa ni da shi? Ba ni da ɗa a fili. Manaja ke da 'yan wasa."

Aka tafa, wani ya ce kai, Lado ɗan halak ne, ya san kunya. Dikko ya tsaya yana dubansa, usur a hannunsa. Ubale ya miƙe da murmushi ya shige fili tun ba a kira shi ba.

In ka tambayi Lado yadda wasan nan ya gudana, ba zai iya gaya maka ba. Bai ga ƙwallo ba, tsumma kawai yake kallo. Duk inda Ubale ya ruga idonsa na kan idon sawun, duk sanda ƙaton nan ya kawo takalmi sai numfashinsa ya tsaya. Ana ihu a gefensa shi yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, wata ma ta cin abinci ce. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya yi ta ce wa ransa in aka je hutu zai je ya kama hannun yaron ya fitar da shi, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

Aka je hutu babu wanda ya ci. Lado ya tashi ya nufi inda 'yan wasa ke kurɓar ruwa, sai makaɗin gari ya tare shi yana zuba masa kirari, jama'a suka yanyame shi suna jijjiga masa hannu. Ta saman kafaɗunsu ya hango Dikko yana kallonsa, yana jira har yanzu. Lado ya tsaya yana amsa gaisuwa, yana cewa bari a gama wannan, bari wannan ya wuce. Yana nan tsaye alƙalin wasa ya busa.

Rana ta yi ƙasa lokacin da ƙwallo ta faɗo gaban gidan Tudun Wada. Ubale ya taso mata, ƙaton ma ya taso. Suka haɗu, aka ji ƙarar ƙafa da takalmi, ƙwallo ta wuce tsakanin turaku. Burumburum ta ɓarke da sowa. Mutane suka kwarara cikin fili, aka ɗaga Ubale sama, aka ɗaga Dikko, ba a ma tsaya ƙarasa sauran wasan yadda ya kamata ba.

Lado ya bi ta ƙarƙashin hayaniyar ya isa inda aka yi karon. Tsumman na nan yashe a kan ciyawa. Ya ɗaga shi, ya ga sillen karan a ciki, farin abin naɗe a jikinsa, bakinsa a katse. Ya tsaya riƙe da shi, mutane na bangazarsa suna yi masa barka.

Da magariba aka kawo Ubale gida aka zaunar da shi a zaure. Yana ta dariya yana ba da labarin yadda ya zille wa ƙaton, yana cewa shi bai ji komai ba. Lado ya durƙusa ya kama ƙafar. Ramin ya rufe bakinsa, babu abin da ya leƙo, kuma daga idon sawu zuwa ƙwauri fatar ta yi tauri, ta ɗauki zafi kamar gefen murhu. Safara'u na tsaye a bakin ƙofar cikin gida, ta toshe bakinta da gefen zane.

Wanzami ya zo ya danna nan ya danna can, ya daɗe bai ɗago kai ba.

"Za ta tashi?" in ji Lado. "Gwiwar za ta lanƙwasa?"

"Kada ka tambaye ni yau," in ji wanzami. "A tanadi gawayi. In ta nuna zan dawo da ƙarfe."

A waje kalangu ya iso ƙofar gida, ana kiran Lado ya fito, wai shi ya fara hango cancantar Dikko, shi ya dace ya rataya masa usur a gaban gari. Dikko ya ratso taron ya shigo zauren ya tsuguna, ya dubi ƙafar, ya runtse ido. Babu wanda ya dubi wani tsakaninsa da Lado.

Zauren ya cika da mutane, kowa na sharce gumi saboda zafin hadari. Ubale ya daina dariya. Ya rungume hannuwansa a ƙirji, haƙoransa suka fara haɗuwa.

"Baba," ya ce a hankali, "ka ce wa Inna ta miƙo mini bargo. Sanyi nake ji."