Hoton da Ya Nuna Ƙofarta

Wayar tana hannun ma'aikaciyar lafiya, cikin safar roba, Mai Ɗinki kuwa tana tsaye a bakin ƙofar ɗakinta tana danne tari da gefen mayafi. Gwaji ya nuna ta kamu da cutar da ta rufe kasuwanni da makarantu. Ma'aikaciyar ta yi mata bayani a hankali, cewa manhajar da aka sa kowa ya sauke ta adana duk inda ta taka, in ta yarda aka buɗe za a nemo waɗanda ta haɗu da su a gwada su tun cutar ba ta ci jikinsu ba.

Ba wanda ya san abin da ya kawo Mai Ɗinki layin nan da akwati ɗaya da kan keken ɗinki da yarinya a goye. Tsohon mijinta ne ya karya mata hannu, alƙali ya raba auren ya ba ta riƙon 'yar, shi kuma ya rantse ko ƙarƙashin ƙasa ta shiga sai ya ɗauke jininsa. Ta canza gari, ta canza lamba, ta daina zuwa ko gidan 'yan uwa.

"Malama, wa zai ga wannan abin?"

"Daga ni sai ofishinmu, Yaya. Ko sunanki ba ya fita."

Ta tuna da mai cikin da ta zo awon riga shekaranjiya, da dattijon da yake sayar mata da zare, wanda ko lafiya lau numfashinsa sama-sama yake. Ta miƙa yatsa ta buɗe wayar.

* * *

A cibiyar killace masu cutar aka ba ta gado kusa da taga. 'Yarta Tsigi ba ta kamu ba, sai aka bar ta wurin Inna, tsohuwar da ta ba su haya. Kullum da yamma yarinyar takan kira ta kawo ƙara, wai munsharin Inna ya fi injin niƙa, kuma ta hana ta taɓa almakashi. Mai Ɗinki takan yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Zazzaɓin ya fara sauka ke nan matar gadon gefe ta miƙo mata waya, ta ce ashe ita ce wannan. Hoton fuskar kwamfuta ne aka ɗauka a karkace. Ga cikakken sunanta, ga fuskarta, ga jan layi daga shagon zare zuwa famfon unguwa zuwa gidan Inna, an zagaye ƙofar. A ƙasa an rubuta a guji wannan mata, a tura wa 'yan uwa saboda Allah. Wani ma'aikacin ofishin ne ya aika wa danginsa don su kiyaye, su ma kowa ya aika wa nasa.

Mai Ɗinki ta kira ofishin, aka ba ta haƙuri, aka ce za a kafa kwamiti, amma abin da ya riga ya fita ba mai iya dawo da shi. Ta durƙusa wa likita ya sallame ta, ya ce har yanzu tana ɗauke da cutar, kuma akwai masu gadi a ƙofa. Sai ta kira Inna, ta faɗa mata abin da ta shekara da shekaru tana ɓoyewa. Tsohuwar ta ce ta kwantar da hankalinta, za ta sa sakata, yarinya ko leƙe ba za ta yi ba.

* * *

Da rana tsaka tsohon mijin ya zo, shi da wasu maza biyu. Bai sha wahalar nema ba, hoton yana hannunsa. Suka ɓalle sakatar. Inna ta riƙe hannun Tsigi tana kiran maƙwabta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya hankaɗe ta ta faɗi kan turmi, ya ɗauki yarinyar ya fita. Maƙwabtan sun fito, amma daga nesa suka tsaya da takunkumi a fuska, ba mai son taɓa mutanen gidan da aka zagaye da ja. Wani ma cewa ya yi ai ubanta ne.

Da aka sallami Mai Ɗinki ofishin 'yan sanda ta fara zuwa. Suka ce maganar kotu ce, kotu kuwa a rufe take sai annoba ta lafa. Inda ta san mutumin da zama an ce ya daɗe da tashi.

Ta shigo layinsu da ƙafa, ledar magani a hannu. Masu zama a ƙofar gida suka sunkuyar da kai, wata ta janye ɗanta ciki. Ta samu Inna a tabarma, ƙugu ɗaure da zane, ta kasa tashi. Tsohuwar ba ta iya haɗa ido da ita ba, sai laluben bakin zanenta take yi har ta kwance wani ɗan ƙulli.

"Ana gobe mutumin zai zo, abin nan ya fita. Tsigi ta ce in ajiye, kada in faɗa miki a waya, ita za ta nuna miki da kanta."

Mai Ɗinki ta buɗe ƙyallen. Haƙori ne na gaba, ɗan mitsitsi, da busasshen jini a gindinsa. Ta zauna a ƙasa nan inda take tsaye, ta rufe tafin hannunta a kansa.