Daɓen da Aka Yi Ba Waƙa

Shekara bakwai Iliyasu yana mataimakin mai horar da 'yan ƙwallon kwando a kwalejin garin Matameye. Da can shi ma ɗan wasa ne a lise, babbar sakandare ta Damagaram, har ana cewa sai ya kai Yamai, sai gwiwa ta gurɗe masa a ajin ƙarshe. Ya dawo gida yana ɗingishi, Mushe (wato Malam) Cha'ibu, malamin wasanni, ya ɗauke shi. Ya fara da hura balo, wato ƙwallo, da ɗinkin ragar kwando, ya kai ga riƙe usur, har ya kai ga Mushe Cha'ibu yana zama a inuwar bedi ya sakar masa 'yan wasa gaba ɗaya. Amma a takarda, mataimaki ne har yau.

A shekarar 1984, da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, takarda ta zo. Za a ɗauki mutum ɗaya daga jihar Damagaram zuwa sitaj, wato kwas, a Yamai, ya fito cikakken mai horo. Ansifektan wasanni zai zagaya ya ga wasan kowa a filinsa. Ba a ɗaukar wanda ya haura shekara talatin, Iliyasu kuwa yana cikin ta talatin ɗin.

Filin nasu ba siminti ba ne, daɓe ne, ya kuma tsattsage kamar gindin tafkin da ya ƙafe. Mata ke sabunta shi duk shekara. Akan kai goro wajen Baiwa, tsohuwar da ke jan gayyar mata, a roƙe ta. Ita ke sa rana, a jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar da ke ƙarfafa daɓe, kwana uku, mata su jeru da madaɓai, ta ba da waƙa su amsa, madaɓan su riƙa sauka tare kamar hannu ɗaya.

"Ka je wajen Inna Baiwa mana, Mushe," in ji matarsa Saratu.

"Da wane bakin? Mata na wuni a rijiya saboda tulu ɗaya, ni in ce a shayar da ƙasa?"

"To ka je ta ce a'a. A'ar tsohuwa ba ta taɓa karya ƙafar kowa ba."

Sau biyu ya kama hanyar gidan Baiwa da goro a aljihu, sau biyu kunya ta juyo da shi daga bakin zaure. A rana ta uku ƙafarsa ta kai shi ofishin komanda, sojan da ke riƙe da garin. A ransa, takarda ta fi sauƙi: ba ta da ido balle ta kalle ka. Komandan mutum ne mai son a ce garinsa ya ci. Iliyasu bai gama bayani ba ya sa hannu.

Washegari gardi biyu, dogaran komanda, suka tsaya a bakin rijiya. Mata suka ja baya da tulunansu, aka cika durom-durom aka ɗora a amalanke. Mai shela ya zaga: kowane gida mace ɗaya ta fito daɓe. Makubar ma wuni ɗaya ta samu a ruwa, don komanda ba ya jira.

Matan sun zo. Saratu ma ta zo, ta durƙusa a tsakiyarsu, ba ta ɗaga kai ta dube shi ba. Aka fara bugu. Iliyasu bai taɓa jin sauti mai ciwo irin wannan ba: kowace da nata bugun, wata da ƙarfi, wata kamar mai lallashin jariri, ba wadda ke jiran 'yar'uwarta. Ya je ya russuna gaban Baiwa.

"Inna, ba za a ɗan sa waƙa ba?"

"Takardar komanda hannu ta ce a kawo, ɗan nan. Ban ji an karanto maƙogwaro a ciki ba."

Ran da ansifekta ya zo, filin ya yi kyau a ido, ja sumul. Aka jefa balo sama. A nan ta buga ƙasa ta taso har ƙugu, taku biyu gaba ta mutu a ƙafar mai ita. 'Yan wasan da Iliyasu ya raina da hannunsa suka koma kamar ranar suka fara. Kafin hutun rabin lokaci daɓen ya fara ɓarewa, tsakuwa na watsuwa ƙarƙashin takalma.

Ansifektan ya rufe littafinsa a hankali.

"Yaranka suna da hannu, Mushe Iliyasu. Na gani. Amma kafin in dubi 'yan wasa, filin mai horo nake duba."

Wani daga garin Magariya aka ɗauka. Mushe Cha'ibu ya dafa kafaɗar Iliyasu, ya tafi.

Da la'asar Iliyasu ya tarar da Saratu tana shafa man kaɗe a tafin hannunta, inda madaɓi ya tayar mata da bororo. Ya zauna kusa da ita a bakin tabarma.

"Da na je wajen Inna Baiwa ma, a'a za ta ce. Ko ba haka ba?"

Saratu ta ajiye hannunta a cinya.

"Tun ranar da labarin sitaj ya shiga gari ta sa mu tara ruwan ɗauraya. Na wanke-wanke, na wanki, har na alwala. Kowace ta kai nata ta zuba a randunan bayan ɗakin Inna. Daɓe ai ba ya tambayar ruwa inda ya fito. Jira kawai take ka shigo da goronka."

"Kika yi shiru?"

"Ta hana mu. Ta ce ba a gaya wa mai roƙo an riga an ba shi."

"Ruwan fa?"

"Ran da gardi suka tsaya a rijiya ta tuntsurar da shi a gindin zogalenta."

Iliyasu ya karɓi kwalbar man daga hannunta. Ya kamo tafinta na dama ya fara shafawa, yana bin kowane bororo a hankali, hawayensa na sauka a wuyan hannunta. Ba ta janye ba. Da ya gama, ta miƙo masa na hagun.