Safar Dzarma

Safa ce ta ƙona wayar Dzarma. Safar ƙafa, baƙa, mai huji a dunduniya.

Sunana Ba'ana. Ni rewaya ne, wayoyin mota nake gyarawa a unguwar Galtimari. Dzarma direba ne, mutumin Biu, yana ɗauko shinkafa daga Zabarmari a tsohuwar a-kori-kura. Matarsa Phoebe ta shiga motar Damboa wata safiya za ta biki, yaran daji suka tare hanya. Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Abin da ya rage masa tsohuwar wayarsa, cikinta akwai muryarta da ta ɗauku bisa kuskure, tana yi masa faɗa ya sayo barkono ya manta. A cikin wayar kanta take, babu katin memori. Na sha ce masa mu kwafe ta, ya ce ba mai taɓa masa mata.

Shekarar da aka fasa turakun lantarki, gari ya zauna ba wuta. Kowa yana kai waya shagon caji, Dzarma ya ƙi, wai can waya take ɓata. Ya ce in haɗa masa caji daga batirin motarsa.

Na ce masa batir wuta mai ƙarfin sha biyu yake bayarwa, waya kuwa biyar take ci, ragowar kuma zafi take zama a jikin regileta, 'yar na'urar da ke rage wutar. Akwai mai tsada wadda ba ta zafi sosai, amma lokacin ko a Kasuwar Monday babu. Na sa masa ƙarama mai ƙafa uku, na ɗaure ta da noti a jikin gutsuren murfin tukunyar dalma, na kafa ta kusa da taga.

"Wannan murfin shi ne ranta," na ce. "Ka bar ta ta sha iska."

"Ba'ana, ko Phoebe ba ta ba ni doka haka ba."

"Ita ma da ka ji maganarta, da ka sayo barkonon."

Ya yi dariya, sai kuma ya daina.

Abin ya yi aiki. In ya sauke kaya yakan tsaya bakin garejina, ya kara wayar a kunne, ya saurari faɗan nan har ƙarshe, ya sake. Wani lokaci yakan amsa mata a hankali da yarensu na Bura. Mukan yi kamar ba mu gani ba.

Sai wata rana a shingen hanyar Zabarmari wani soja ya leƙa ya ga ƙarfe, wayoyi ja da baƙi, ga waya a haɗe. A garin nan kowa ya san kamannin bam ke nan. Aka kwantar da Dzarma a rana, bindiga a ƙeya, sai da wani ɗan gora cikin 'yan sa-kai da ya san shi ya sa baki. Ba kwanciyar ce ta dame shi ba. Sojan ne ya ɗaga ƙafa, saura kaɗan ya taka wayar.

Daga ranar ya cire regiletar daga taga, ya zura ta da murfin cikin safa, ya cusa ƙarƙashin kujera. Ban ga laifinsa ba. Amma bai gaya mini ba.

Watan zafi ne. Irin ƙananan nan na kasuwa, in sun dahu ba sa mutuwa su kaɗai. Tasa ta buɗe hanya, wutar batir duka ta wuce cikin wayar.

Ya zo da rana tsaka, safar a hannu ɗaya tana warin ƙuna, wayar a ɗayan. Na buɗe bayanta, na ga ciki ya yi baƙi. Na kai shi wurin masu gyaran waya uku, duk magana ɗaya.

Ya ce, "Ba'ana, kai da kake tada matacciyar mota."

"Wannan ba mota ba ce."

Har yanzu yana tsayawa bakin garejina. Wayar tana aljihun gaban rigarsa. Kwanan baya ya ce mini kalmomin duk yana riƙe da su, barkonon da komai, amma in ya maimaita su a ransa, muryarsa yake ji, ba tata ba.