Rimot na Biyu

Ranar da mahaifiyarsu ta baje kayan gida a bakin gareji don gwanjo, Corinne ce ta tono tsohuwar na'urar gem, ta wasan bidiyo, daga ɗakin ƙasa, duk ta yi buɗu-buɗu da ƙura. Faifan na ciki har yanzu, wasan nan na 'yan mutanen bulon roba masu yawo a kumbo, wanda in an harbe ka sai ka tarwatse gunduwa-gunduwa, ka sake haɗuwa kamar ba a yi ba.

Duk wanda ya san Corinne ya sha labarin wasan nan har ya ƙosa. Wai tun tana 'yar mitsitsiya take tsallake ramukan da manya ke faɗawa. Ita da yayanta Leland ba sa ga maciji, shi miskili, ita uwar surutu. Amma in sanyin garinsu Duluth ya kulle su a gida, sai su zauna kan kafet ɗaya su yi ta ceto duniyoyi, shi yana tuƙa ɗan jan kwalkwali a wasan, ita 'yar kore. Abin kirki ɗaya ke nan da take tunawa tsakaninsu, kuma tana ji da shi ƙwarai.

Wani maƙwabci ya taya na'urar, ya ce a gwada masa tukuna. Ta jona ta da ƙaramin talabijin. Rimot na farko ya yi aiki. Na biyu, nata, ko gezau. Ta sauya musu wuri, sai ga nata yana yi. Ashe ramin da ake jona rimot na biyu ne matacce. Ta haska cikinsa da fitilar waya, ta tarar ko ƙarfe ɗaya babu.

"Mama, yaushe ramin nan ya lalace?"

"Lalacewa? Ai haka babanku ya sayo ta a gwanjo."

Corinne ta dubi talabijin. Ga 'yar koren kwalkwali tana bin ɗan ja tiɓi-tiɓi, ba mai taɓa ta. Na'ura ce ke tuƙa ta. Kunya ta kama ta, sai kuma baƙin ciki ya biyo baya.

Leland ya zo wucewa da kujeru biyu a kafaɗa, furfura ta fara fito masa a gemu.

"Kai, munafuki, ajiye ka zo nan! Ashe mataccen rimot ka yi ta ba ni?"

Ya dubi wayar rimot ɗin, ya sosa ƙeya. "To ya zan yi da ke? In ba a ba ki ba, ihunki har gidan maƙwabtanmu su Lindqvist."

"Na gaya wa duniya ni gwana ce! Har a bikin aurenka na faɗa!"

"Na ji ai. An tafa miki."

Ta so ta jefe shi da rimot ɗin, amma wani abu ya tsaya mata a rai, kuma Corinne ba ta iya barin tambaya ta kwana. "Tsaya. In na danna tsalle, tana tsalle. Na tuna sarai. Ina na'ura ta san na danna?"

Ya zauna kan akwatin littattafai, ya ɗauki nasa rimot, ya latsa wani maɓalli, alamar mai wasa ta tashi daga kan ɗan ja ta koma kan 'yar kore.

"Riƙe naki. Buga."

Ta tura hagu da mataccen rimot, 'yar kore ta yi hagu. Ta danna, ta yi tsalle. Sai ta waiga. Leland ko kallon talabijin ba ya yi, idonsa na kan yatsunta.

"To naka fa? Ɗan ja?"

"Na'ura ke yi da shi. Ni ban taɓa buga nawa ba, in kina nan."

Maƙwabcin ya gaji da jira ya koma wajen tukwane.

Ta yi kamar za ta dama, ta zille hagu, ta daka tsalle ba zato. 'Yar kore ta haye ramin lafiya lau.

"Ya aka yi ka sani?"

"Har yanzu kina cije harshe kafin ki yi tsalle," in ji shi. "Ci gaba, akwai wani ramin a gaba."