Minti Goma Sha Ɗaya da Aka Rufe wa Na'ura Baki

Cikin halayen banza babu wanda na tsana kamar na mutumin da ya daɗe a kan aiki har ya ɗauka aikin ba shi da sauran abin da zai gaya masa. Irin wannan shi ne ɗan hakin da ya raina ke tsone wa ido, amma sau da yawa idon wani ake fara tsonewa.

A ɗakin tiyatar zuciya na wani asibiti akwai mutumin da ake kira Tsohon Hannu. Shi ke riƙe da injin da ke tura jini a jikin mara lafiya idan an tsayar da zuciyarsa. Shekara ashirin da biyu yana kan kujerar nan, kuma a gaskiya ya iya. Sai asibitin ya kawo wata 'yar na'ura: a liƙa filasta biyu masu waya a goshin mara lafiya, dama da hagu, ita kuwa ta riƙa nuna ko jini na kai wa ƙwaƙwalwa iskar da take bukata. Lamba ta sauka, ta yi ƙara. Tsohon Hannu ya sa mata suna Magulmaciya.

Ran nan da safe aka turo wani tela ɗan shekara sittin, za a canza masa jijiyar zuciya. Likitar barci, wadda ba ta fi shekara uku a ɗakin ba, ta goge masa goshi ta liƙa filastar tun yana farke.

"'Yata, zuciya ce ke ciwo, me goshi ya yi miki?" in ji tela.

"Awo nake ɗauka, Baba. In ban san lambarka kana ido biyu ba, yaya zan gane ta sauka kana barci?"

"To yi aikinki. Ni ma ba na sa almakashi sai na ɗauki awo. Ki dai dawo mini da yatsuna, akwai rigar jikata a kan keke ban gama wuyanta ba."

Ta rubuta sittin da takwas dama, saba'in hagu, ta manna a gefen na'urar.

Aka sa shi barci, aka buɗe ƙirji, likitan fiɗa ya sa bututu a babbar jijiya, inji ya karɓi aiki, zuciya ta tsaya. Likitar barci ta juya tana haɗa wani magani. Magulmaciya ta yi ƙara sau ɗaya. Tsohon Hannu ya dubi nasa agogunan, ya ga komai daidai, ya miƙa hannu ya kashe sautin, ya ɗan karkatar da fuskar na'urar wajen bango.

Shirun da ya biyo bayan ƙarar ne ya dami likitar barci. Ta zagayo ta juyo na'urar: hagu sittin da shida, dama arba'in da ɗaya.

"Malam, wa ya kashe wannan?"

"Ni ne. Gumi ne ya ɗaga filastar. Ga bugun jini lafiya, ga gudun inji lafiya. Tun kina rarrafe nake wannan aikin."

Ta duba goshin telan. Ta danna filastar, lamba ba ta motsa ba. Ta ɓare ta sa sabuwa. Arba'in.

"Likita," ta ce da likitan fiɗa, "ɓangaren dama na kansa ba ya samun jini. Ina so ka tsaya ka duba bututu."

"Inji fa?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Inji ƙalau, ranka ya daɗe," in ji Tsohon Hannu. "Yarinya ce da sabon abin wasa."

"Injinka ya san abin da ya tura, bai san inda ya je ba," ta ce. "Likita, ba zan yi shiru ba sai ka duba. In na yi kuskure, ka kore ni bayan an rufe ƙirjinsa."

Ruwa ba ya tsami banza. Likitan ya ajiye allura, ya bi bututun da yatsa, ya tarar bakinsa ya karkace yana watsa jini gefe, ya bar jijiyar da ke hawa dama ta wuya. Ya gyara shi. Ita kuwa idonta na kan lamba tana kirawa a fili: arba'in da bakwai, hamsin da biyar, sittin da uku. Likitan ya ɗauki allurarsa ya ci gaba da aiki.

Tela ya farka washegari. Ya gane matarsa, ya gane ɗansa, ya nemi ruwa. Amma da likitar ta ce ya matse mata hannu, na dama ya matse, na hagu yatsu biyu suka ƙi. Wata huɗu yana zuwa asibiti gashin hannu, matarsa na ba shi wake yana tsinta ɗaya ɗaya daga faranti, kafin ya iya riƙe bakin yadi a ƙarƙashin allura. Ya gama wuyan rigar, ko da yake jikar ta riga ta fi ƙarfinta.

Abin da Tsohon Hannu bai sani ba, Magulmaciya ko an rufe mata baki tana rubutu. Da manyan asibiti suka zauna, takardar na'urar ta nuna lokacin da aka kashe sautin da lokacin da aka juyo ta: minti goma sha ɗaya. Ya ce gumi, aka nuna masa sabuwar filasta. Ya ce shekara ashirin da biyu, aka ce da shi tela ma shekara arba'in ya yi yana tara gwanintar yatsun nan.

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ga abin da ya rasa: kujerar gaban inji, mabuɗin ɗakin da yake ratayawa a wuya, da ɗalibai shida da ke zuwa koyo wurinsa, an mai da su wurin wani. Aka tura shi sito yana jera bututai a kan kanta. Sunan ma bai tsira ba, don yanzu in an ce Tsohon Hannu a ɗakin nan, sai a tambaya, "Wanne? Mai kashe sauti?"