Harafin Kapa a Gefen Gilashi

Shekara talatin da ɗaya na yi ina goge gilashi a masana'antarmu ta Leningrad, a hawa na biyu, ɗakin da ba a buɗe taga ko ana tsananin zafi saboda gudun ƙura. Idon kyamarar fim muke yi. Kowane ido akwai gilasai shida ko takwas a cikinsa, kuma kowane gilashi sai ya bi ta hannun mai gogewa kafin a hau da shi sama wurin masu harhaɗawa. Ni mai gogewa ce. Jan garin da muke aiki da shi bai bar ƙarƙashin farcena ba sai bayan na yi shekara biyu da ajiye aiki.

Ƙawata Kapitolina kuwa a hawa na huɗu take, cikin masu harhaɗawa, masu fararen riguna da hula kamar likitoci. Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki muna 'yan shekara sha takwas, gida ɗaya aka ba mu, ita a hawa na uku, ni a na biyar. Ni na riƙe mata jaka ranar da aka binne mijinta, ita ta riƙe min ranar da aka binne nawa. Kapa nake ce mata, ita kuma Tasya take ce min, maimakon Taisiya. In tana nemana, bututun ɗumama ɗaki take bugawa da cokali sau uku.

Wata Talata da hantsi, a shekarar da muka cika saba'in da ɗaya, na ji bugun har sau shida. Na sauka da sauri, na ɗauka faɗuwa ta yi. Sai na tarar da ita a kicin ta sa jan baki, ga wani mutum mai ɗan gemu, wanda zai yi shekara arba'in da biyar, zaune da akwati a kan cinya.

"Tasya, zo ki ji ikon Allah," in ji ta. "Wannan Rostislav ne. Wata uku yana nemana."

Ya miƙe ya gaishe ni, sannan ya yi bayani. Sana'arsa sayen tsofaffin idanun kyamara na zamaninmu. Yana warware su, ya wanke, ya sa musu sabon gida na ƙarfe, ya ba masu shirya fim haya. Wai yanzu har daga Amurka da Koriya ake nema, domin sababbin idanu sun cika kaifi, suna nuna kowane ƙurji a fuskar mutum. Namu kuwa suna tausasa fuska, haske ya bazu a hankali kamar madara a cikin shayi.

"Na buɗe sama da ɗari biyu," in ji shi. "Waɗanda suka fi kyau duka, in ka duba gefen gilashin baya, akwai harafin K da fensir."

Kapa ta yi dariya ta rufe baki. "Ni ce mana. Alama muke sawa don in an dawo da kaya a san wadda za a zaga."

Ya buɗe akwatin ya ciro gilashi ɗaya ya miƙa mata. Ni na karɓa. Na hura masa numfashi na ga yadda ya dushe ya washe daga tsakiya zuwa baki, babu tabo ko ɗaya. Yadda uwa take gane kukan ɗanta a cikin yara, haka na gane shi.

"Ni na goge wannan," na ce.

"Allah sarki," in ji Rostislav cikin ladabi. "Akwai alamarki a jiki, Taisiya Yegorovna?"

"Mai gogewa ba ta barin alama. In ta bar alama, ta ɓata aiki ke nan."

Ya gyaɗa kai ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsohuwa a layin asibiti, ya karɓi gilashin daga hannuna ya juya wurin Kapa. Awa biyu suka yi yana tambaya tana amsawa. Ni na zuba musu shayi, ni na yanka lemun tsami.

Daga nan abu ya tashi. Ya dawo da mai ɗaukar hoto, suka zaunar da ita gaban taga da idon kyamara a hannu. Hoton ya fito a wata mujallar fim, shafi guda cur. Matar da ke sayar da burodi a ƙasan gidanmu, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle mu ba, ta fara cewa, "Kapitolina Matveyevna, na ajiye miki mai zafi." Ni kuwa sai ta miƙo min na jiya. Kapa kanta harshenta ya sauya. Da cewa take yi "aikinmu." Yanzu sai na ji tana gaya wa maƙwabta, "Wai da gilasaina aka ɗauki fim ɗin nan na Koriya."

Gilasanta. Ita da gilashin yake zuwa hannunta a gama, a naɗe cikin takarda mai laushi. Ba ta taɓa tsayuwar awa tara a gaban inji ba, ruwan jan gari yana gangarowa har gwiwar hannu. Na san aikinta ba wasa ba ne, in gilashi ya kauce da kaurin gashi ɗaya, hoto ya lalace. Na sani sarai. Amma sanin bai hana ni jin haushi ba duk lokacin da na wuce ƙofarta na ji tana waya tana dariya.

A watan Satumba takardar gayyata ta zo. Masu ɗaukar fim za su yi taronsu na shekara a Mosko, suna so ta hau dandamali ta yi magana. Tikitin jirgin ƙasa biyu.

"Ke za ki raka ni," in ji Kapa. "Ki riƙe min jaka da magunguna, kin san ni da mantuwa."

"Jaka da magunguna," na maimaita.

"To me? Ko kin fi so ki zauna ki yi ta kallon bango?"

Washegari na sa rigar sanyina mai kyau, na hau bas zuwa shagon Rostislav, a bayan wani tsohon gida kusa da mashigar ruwa. Na tarar da shi sunkuye a kan tebur da tabarau biyu a hanci. Ya kawo min kujera. Ban shirya abin da zan faɗa ba, ko kuma na shirya ban yarda na shirya ba.

"Ba na so ka ji kunya a gaban mutane," na ce. "Harafin nan ba na Kapa ba ne. Na Kondratyev ne, mai duba kaya na ƙarshe. Duk idon da ya burge shi yakan sa masa K. Ya rasu tun a tamanin da tara."

Rostislav ya cire tabarau ɗaya. "Amma ita ta ce..."

"Ta tsufa, ɗana. Ka zo mata da labari mai daɗi, ta karɓa. Wa zai ƙi? Duba ƙafar harafin, ka ga ta karkace? Yatsa biyu ya bari a wurin yaƙi, shi ya sa."

Maganar yatsun gaskiya ce, ita ce ta sayar da sauran. Ya ɗauko gilashi uku ya jera, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce shi mutum ne da ba ya sa sunan wani a kan abin da bai tabbatar ba, zai kira Mosko ya ce a dakata. Ya yi min godiya har da riƙe min hannu. A bas ɗin dawowa na ji wani sanyi a ƙirjina, ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Ya kai ni har tasha ta huɗu kafin ya fara tsami.

Kwana biyu bayan haka, da azahar, aka buga ƙofata. Kapa ce. Ta hau bene biyu da gwiwoyinta marasa lafiya, tana haki, gashinta sabon gyara, an nannaɗe shi ƙananan zobba saboda tafiyar.

"Shigo ki zauna," na ce.

"Ba zama na zo yi ba. Rostislav ya gaya min komai. Kondratyev da jan biro yake sa hannu a takarda. Bai taɓa riƙe fensir kusa da gilashi ba, tsoronsa yake kamar wuta. Kuma mutum biyu ne suka rage a garin nan da suka san yana da yatsa uku."

Ta dafa bakin ƙofa ta ci gaba.

"Tasya, shekara hamsin da uku. Me na ci miki?"

"Gilasaina kika ci!" Muryata ta fita da ƙarfin da ban zata ba. "Gilasaina, gilasaina, kullum a bakinki. Ke kika goge su? Hannunki ya taɓa tsagewa da sanyi? Kin zauna can sama da farar hula kina rubuta sunanki a kan gumin mutane."

"Sunan da in an dawo da kaya ni ake cire wa lada, ba ke ba! Lokacin ba ki ce naki ba ne."

"Sai ki ce in riƙe miki jaka."

"Da kin buɗe baki kin ce kina son hawa dandamalin, da tare za mu hau, tsohuwar banza."

"Ba na son sadaka."

"A'a, kin fi son sata." Ta juya ta kama ƙarfen bene. Na miƙa hannu zan taimake ta, ta ture shi. Ina tsaye ina jin saukarta, taki ɗaya, hutu, taki ɗaya.

Kwana tara bututu bai yi ƙara ba. Na dafa miyar kabeji tukunya guda kamar yadda na saba, na rasa wanda zan kai wa rabi, ta yi tsami na zubar. A rana ta goma na koma wurin Rostislav.

"Ƙarya na yi maka," na ce tun ina bakin ƙofa. "Harafin nata ne. Kondratyev bai san da shi ba."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Don me, Taisiya Yegorovna?"

Sai na ɗauki wani gilashi a teburinsa na fara gaya masa yadda ake yinsa. Yadda muke dafa ƙaron da ake ɗora gilashin a kai, mu gwada laushinsa da farce, domin ranar sanyi daban, ranar zafi daban. Yadda kunne yake gaya maka an kusa gamawa, saboda kukan injin yana sauyawa. Yadda a minti goma na ƙarshe nake rage garin in ƙara ruwa, abin da babu shi a takardar umarni, ni na gano shi da kaina. Can na ga ya jawo littafi yana rubutu. Ya yi ta tambaya har shayinsa ya huce. Wannan karon ni yake kallo.

"Ki zo Mosko," ya ce daga ƙarshe. "Zan nemo tikiti na uku."

"Ka tambayi Kapa."

Ya tambaye ta. Amsar da ta aiko ita ce surukarta Varya za ta raka ta, kuma jirgin ƙasa na gwamnati ne, kowa na iya shiga, amma ba taragonta ba. Ban je ba. Ranar tafiyar na tsaya bayan labule na ga an sa ta a mota, sanye da shuɗiyar riga da ban taɓa gani ba. Ta yi kyau ƙwarai, abin ya ba ni haushi.

Bayan sun dawo, Varya ta hawo wurina da wayarta. "Mama ba ta aiko ni ba," ta ce, yadda na gane aiko ta aka yi. Ta kunna min. Ga Kapa ƙarama a tsakiyar babban dandamali, mutane ɗaruruwa sun miƙe suna tafi. Ta yi magana kan aikinta kaɗan, sannan ta ciro takarda daga hannun riga.

"Ni harhaɗawa kawai nake yi," ta ce. "Gilashin wasu mata ne suke goge shi a hawa na biyu, ba su da harafi. Ga sunayensu." Ta fara karantawa. Yevdokiya Silina. Rimma Garanina. Nyura Lapshina. Taisiya Belozyorova. Ta ci gaba har goma sha ɗaya, aka sake tafi.

Hawaye ya zo min, na share. Sannan na ce wa Varya ta mayar baya in sake ji. Ni ce ta huɗu. Bayan Nyura Lapshina, wadda ta taɓa sakin faranti guda na gilasai a kan bene, wadda sai da na yi shekara biyu ina gyara mata aiki a ɓoye.

Na gasa burodi mai kabeji a ciki, na sauka da shi da la'asar. Kapa ta buɗe ƙofa ta dubi farantin, ta dube ni, ta matsa gefe. Na ajiye a tebur. Duk hanya ina jera kalmomin ban haƙuri a raina, amma da na buɗe baki abin da ya fito daban ne.

"Me ya sa Nyura ta riga ni?"

"Nyura ta mutu," in ji Kapa tana neman wuƙa. "Matattu na fara kira. Ke kina da rai, sai ki jira layinki."

"Rimma ma tana da rai."

"Rimma ba ta je ta ce na ruɗe ba."

Ta yanka burodin ta tura min ɓangaren da ya ɗan ƙone, na ci. Ta ba ni labarin otal ɗin, da wani dogon mai ɗaukar fim da ya sumbaci hannunta, ta maimaita wannan wurin sau biyu tana kallona.

Mun koma zuwa kasuwa tare, muna zama kujera ɗaya a asibiti. Amma makullin gidanta na ajiya, wanda ya shekara arba'in a aljihun teburina, ta karɓa ta ba matar hawa na ɗaya, kuma har yau ba ta dawo min da shi ba. Rostislav yakan zo wurina duk wata da littafinsa. In zai hawo sai ya fara tsayawa a hawa na uku, ina jin muryarsu ta ƙasa, ina duba agogo in ga minti nawa zai yi a can.