Ƙafar Baba Abdulghaffar a Filin Mizmar

Baba Abdulghaffar dai shi ya jawo wa kansa. Wa ya aike shi Karantina duba kangon gidansu bayan an rushe unguwar? Ya taka ɓaraguzai, ƙafar hagu ta gurɗe, tun daga nan ko dakalin masallaci ya sauka sai ta nemi juyewa. Ga bikin ɗansa Rayan ya matso, kuma tsofaffin maƙwabta da rusau ya warwatsa duk za su hallara a yi mizmar, rawar sandan nan ta Hijaz. Mutumin da ya yi tashe a fili, a ce ya zauna a kujera yana tafi? Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai.

Kullum sai ya murje idon sawu da man zaitun, ya naɗe tamau. Da ya je asibiti a unguwar Aziziyya, Saifuddeen, likitan motsa gaɓoɓi ɗan Zariya da ke aiki a can, ya warware naɗin yana murmushi.

"Baba, man nan ai ya isa a soya ƙosai. Gyaran yana sama." Ya danna gefen ƙwauri ta waje, ƙasa da gwiwa. "Tsokar nan ita ke riƙe da ƙafar. Jijiyarta ta zagayo ta bayan idon sawu ta kama tafin ƙafa. In ta yi laushi, ko tsakuwa sai ta kayar da kai."

Ya miƙo masa wata jar roba: ya saƙala a ƙafa, ya tura waje, ya dawo a hankali. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya.

"Ya waladi, ɗana, ni zakara ne? Halas, ya isa haka, ba ni allura."

"Babu allurarta, Baba."

Haka ya koma gida yana mita. Amma robar ta ga aiki! A ƙafar gado ya ɗaure ta, safe da yamma yana ja, matarsa Zakiya na cewa tsoho ya koma wasan yara. Tsayuwa da ƙafa ɗaya kuwa, tun yana dafa bango har ya daina.

Ranar biki aka hura wuta a tsakar fili, ganguna suka ɗauka. Othman, abokin karawarsa tun suna samari, ya fito yana juya sanda yana masa kallon tsokana. Gaskiya Baba ya ji tsoro. Ya cire takalmi ya shiga.

A juyi na farko ƙafar ta karkata. Ya ji gefen ƙwaurin ya ɗaure, ya dawo da ita daidai. Sanduna suka haɗu, ƙwas!

Othman ya matso kusa, yana haki, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Wallahi da ka zauna, da ni ma ban shigo ba. Mu biyu muka rage cikin tsofaffin 'yan wasa. Yalla, maza sake juyawa."